Kawuna Malamin Manɗiƙi

Daga Allah muka zo, wurinSa kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koma ranar wata Talata da hantsi, a ɗakin ƙasa na gidana da ke unguwar Small Heath a Birmingham, bayan jinyar kusan shekara biyu. Washegari aka yi masa sallah bayan azahar, aka kai shi makwancinsa ana yayyafi.

Na kira Inna a Kano na gaya mata. Sai ta ce, "To. Yaya ya bar gardama." Daga nan ta fashe da kuka, na ji ana karɓe wayar daga hannunta.

Kafin la'asar falona ya cika. Mutanenmu na Birmingham sun yi mana kara sosai. Mata suka shigo da kulolin tuwo da shinkafa, maza suka jeru a ɗakin gaba tare da maigidana, ɗalibai suka zo a bas daga unguwar Perry Barr. Abin da na fi ji a bakinsu shi ne, "Allah sarki, tsohon nan mai lema." Wani injiniya abokin maigidana ya tuna yadda Kawu ya taɓa tsare shi a wurin suna har abincinsa ya huce, don kawai ya ce duk Turawa ba su da zumunci. Aka yi 'yar dariya, aka yi addu'a.

Sai kuma wasu baƙi suka fara sallama, waɗanda ban shirya musu ba. Turawa ne daga Manchester, yawancinsu masu furfura. Wata daga cikinsu, tsohuwar ɗalibarsa wadda yanzu take koyarwa a jami'ar da ya bari, ta cire takalminta a bakin ƙofa ba tare da an ce mata ba, ta zauna a kan darduma cikin mata, ta rufe fuska. Wayar gida ta yi ta ƙara daga ƙasashen da ban taɓa sanin ya san kowa a cikinsu ba. Wani ɗalibi ɗan Katsina da ke babban digiri a ilimin kwamfuta ya tsaya a ƙofar kicin yana murza hula, ya ce, "Anti, wai da gaske sunan da muke karantawa a jami'a nasa ne? Wallahi na sha zama kusa da shi a sahu. Na ɗauka ɗan fansho ne kawai."

Na ji injiniyan nan yana raɗa wa maigidana, "Dama wani ne?"

Maigidana ya ce, "Mu ma yau muke ƙara sani."

Wannan tambayar ce ta sa ni rubutun nan. Ina tsoron nan da 'yan shekaru a ce abin da ya rage masa a cikin mutanensa lema ce da gardama. Akwai kuma abin da na yi masa, wanda nake so in faɗa da bakina.

Kawu ɗan malami ne a cikin birnin Kano. A zauren mahaifinsa ya fara jin kalmar manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, a gane wadda ta tsaya da ƙafarta da wadda aka dafa mata kawai. Sauran masu ɗaukar karatu suna haddace baitocin su wuce, shi kuwa ya maƙale a wurin. Daga baya ya samu tallafin karatu ya zo Ingila don lissafi, lissafin ya mai da shi ga manɗiƙi da falsafa, ya zauna a Manchester har ya tsufa. Ya yi aure, Allah bai ba su haihuwa ba, matar ta riga shi da shekaru masu yawa, bai sake ba.

Ni sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Ummi yake ce min. A flat ɗinsa, wato ɗan gidan da yake zaune a Manchester, na sauka lokacin da na zo rubuta jarrabawar da za ta ba ni damar aikin likita a ƙasar nan. A makon farko na tambaye shi, cikin rashin kunyar ƙuruciya, wai shi me yake yi ne takamaimai da ake biyansa albashi.

Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ummi, in na ce miki: idan aka yi ruwa, titi zai jiƙe. Yaya za ki gane ko na yi gaskiya?"

Na ce, "In jira a yi ruwa, in leƙa."

"Madalla. To in na ce: da an yi ruwa jiya, da titi ya jiƙe. Alhali ba a yi ba."

"Ai wannan ma gaskiya ne, Kawu."

"Da me kika auna? Jiyan ta wuce, ruwan bai zo ba. Ina kika je kika leƙa?"

Ya yi murmushi ya ce a kan wannan ya ƙare rayuwarsa. Ya ce alƙali da irin wannan magana yake ɗaure mutum: da bai yi gudu da mota ba, da bai buge ta ba. Ni ma da zan zama likita zan faɗe ta sau dubu: da an ba shi maganin da wuri, da ya tashi. Mutane suna yanke hukunci mai nauyi a kan abin da bai faru ba, kuma ba su san da wane sikeli suke awo ba. Aikinsa shi ne ƙera sikelin. Daga baya na ji cewa ƙa'idojin da ya tsara masu falsafa sun yi shekaru suna jayayya a kansu, masu rubuta manhajar kwamfuta kuma suka ɗauka suna aiki da su ba tare da sun jira an gama jayayyar ba. Shi dai cewa yake yi Hausa ce ta ba shi satar amsa, don ta raba "idan" da "da" tun fil azal. Yakan ce, "Kakarki mai sayar da daddawa ba ta taɓa rikita su ba. Ni rubutawa kawai na yi."

Zama da shi sai da haƙuri. In ka ce masa "ai kowa ya sani", zai ce, "Wane ne kowan? Kawo min shi mu gaisa." In ka ce "ina gajiya", maimakon "ba gajiya" sai ya ɗan yi tunani ya ce, "Akwai kaɗan." A duk gaisuwar Hausa amsa ɗaya ce yake bayarwa ba tare da jinkiri ba, in an ce yaya sanyi, ya ce lokacinsa ne, don wai ita ce ba ta taɓa zama ƙarya a Manchester ba. A bayan ambulan yake rubutu, da fensir, kuma da reza yake fiƙe fensirin kamar mai feƙe alƙalami. Girki ɗaya ya iya, dafa-duka. Duk Juma'a yakan cika tukunya, ɗalibansa su zo su zauna a ƙasa, su ci, su yi ta musu da shi har magariba. Wanda duk ya kayar da shi a magana shi ake ƙara wa nama.

Lokacin da gwamnatin ƙasar nan ta shiga tsuke bakin aljihu, ni na riga na koma Birmingham, na yi aure, ina aikin GP, wato likitan unguwa. Wata rana ya kira ni ya ce ya ajiye aiki. Na san ana rage ma'aikata ko'ina, don haka na hau faɗa. Na ce yaya za a yi mutum kamarsa a tura shi gida, ya tafi ba tare da ya ɗaga murya ba? Ya ce, "Ummi, ba wanda ya kore ni." Na ɗauka girman kai ne na dattijo da ba ya son a ga an ci masa fuska.

Sai a zaman makoki, rana ta uku, tsohuwar ɗalibar nan tasa ta ja ni gefe ta ba ni labarin. An ce wa sashensu dole mutum ɗaya ya tafi. Ita ce sabuwar ɗauka, tana da jaririya, kowa ya san ita za ta tafi. Kawu ya shiga ofishin shugaban sashe ya ce an nemi kujera ɗaya, ga tasa. Da ta je tana kuka tana roƙonsa ya janye, sai ya ce mata shi ya faɗi abin da zai faɗa, ita kuwa ba ta fara ba. Ya kuma sa ta yi alkawarin ba za ta gaya wa danginsa ba muddin yana raye. Ashe maganar da ya gaya min a waya gaskiya ce tsantsa, ni ce na ƙara mata abin da babu a ciki.

Amma bai gama faɗin abin da zai faɗa ba. Bayan ajiye aiki ya ɗauko wani buri da ya daɗe da shi, na rubuta littafin manɗiƙi da Hausa, wanda yaron sakandare a Kano ko Zinder zai karanta ya gane. Kullum da safe yakan tafi ƙaramin ɗakin karatu na unguwarsu, ya zauna kusa da taga da ambulan ɗinsa har la'asar.

Wata Asabar da rana, kimanin shekara uku da fara wannan aiki, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Kawu ne, ya hau jirgin ƙasa daga Manchester ba tare da ya gaya min ba. Makon nan na sha wuya. An rage mana ma'aikata, marasa lafiya sun yi yawa, kowa minti goma ake ba shi ko da kuwa duniyarsa ce ta rushe. Na shimfiɗa masa, na ɗora abinci. Ya ce in zauna tukuna. Ya zaro ambulan daga aljihu, ya sa tabarau.

"Ba wurin 'yata na zo ba yau, wurin likita na zo. Abu uku ne. Na ɗaya: akwai hujjar da ni na ƙirƙiro ta, na koyar da ita shekara da shekaru. Makon jiya na kai tsakiyarta na rasa hanyar fita. Na biyu: sau biyu ina tsintar kaina a tashar bas ban san ko tafiya zan yi ko dawowa na yi ba. Na uku: shekaranjiya na riƙe cokali ina kallonsa, na rasa sunansa da Hausa, na rasa da Turanci, na rasa da Larabci. Kin yarda waɗannan sun faru?"

Na ce, "Na yarda, Kawu."

"To me suka haifar?"

Na sani. Wallahi tun yana kan na biyu na sani. Da wani baƙon tsoho ne ya zauna a gabana a asibiti ya karanto min wannan, da kafin ya tashi na rubuta masa takardar zuwa gwajin ƙwaƙwalwa. Amma Kawu ne. Na ce masa gajiya ce, da kaɗaici, da rashin barci. Na ce kowa yana mantuwa, ni ma jiya na nemi makullina a hannuna.

Ko "kowan" bai kama ni da shi ba, abin da ya kamata ya nuna min girman maganar. Ya ce a hankali, "Ummi, kin karɓi na ɗaya, kin karɓi na biyu, kin karɓi na uku. Kin ƙi abin da suka haifa. Ba hujjar ce ta gaza ba, tsoro kike ji. Ni ma ina ji. Amma ina buƙatar wanda ya sani ya gaya min ko shekara nawa suka rage min da kaina, don in san yadda zan yi da littafin nan. Kuma ina buƙatar mai jin Hausa ya riƙa karanto min abin da na rubuta."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce, "Kawu, rayuwa ba allon aji ba ce. Kai komai sai ka mai da shi muhawara. Shi ya sa ka ƙare kai kaɗai a flat, ba mai iya zama da kai."

Ya ninke ambulan ɗin biyu, ya mayar aljihu, ya gyara hularsa. Maigidana ya fito yana ba shi haƙuri, yana cewa ko abinci ya ci. Ya ce, "Na gode, na ƙoshi," sannan ya tsaya ya gyara, "A'a, ban ƙoshi ba. Ba zan iya ci ba ne." Ya fita. Na tsaya a taga ina kallonsa har ya sha kwanar da za ta kai shi tashar bas. Ƙafata lafiya lau take, ban bi shi ba.

Wata takwas muka yi a haka. Na kira shi da Sallah muka gaisa sama-sama. Kowane mako sai in ce Asabar mai zuwa zan je Manchester, Asabar ta zo in ga na gaji. Inna ta tambaye ni ko lafiya, na ce aiki ne. Daga baya na gano ya je wurin likitansa da kansa, an sa shi a layin jiran gwaji, takardar ganin likita ta zo bayan watanni, ya ajiye ta ya yi rubutu a bayanta ya manta da ranar.

Maƙwabciyarsa ce ta kira ni wata Laraba ina tsakiyar ganin marasa lafiya. Ƙaramar hukuma ta rufe ɗakin karatun unguwar tun watanni biyu da suka wuce, an manna sanarwa a ƙofa. Ta ce ta same shi tsaye a bakin ƙofar tun safe har bayan azahar, cikin ruwa, yana jira a buɗe. Da ta ce masa ai an rufe, ya ce mata ba a taɓa makara haka ba. Mai shagon kusa ya ce ba ranar ce ta farko ba.

A ranar na je na ɗauko shi. Flat ɗin da na sani tsaf ya zama wani abu dabam, tukunyar dafa-duka ta ƙone ƙurmus a kan murhu, ambulan a ko'ina. Na tattara su a kwali. Babi huɗu na littafin sun kammala, kuma ko ni da ba fannina ba na karanta na gane. Na biyar ya fara shi sau bakwai, kowace farawa ta fi ta baya gajarta. Waɗannan watanni takwas su ne na ƙarshe da za a iya zama da shi a yi aikin. Kwalin yana sama a ɗakina, ban san wanda zai ƙarasa ba.

A Small Heath ya yi sauran kwanakinsa. Turanci ne ya fara barinsa, harshen da ya yi duk rubuce-rubucensa da shi. Hausa ta zauna, Hausar cikin birni ta da, har da kalmomin da ni ban taɓa ji ba sai na tambayi Inna. Maigidana, Allah ya saka masa, shi yake yi masa aski, ya riƙe hannunsa zuwa masallaci ranar Juma'a.

Na daɗe ina neman ranar da zan roƙe shi gafara. Wata safiya na ga idonsa a washe, ya sha kununsa duka, sai na durƙusa a gabansa na ce, "Kawu, na yi maka laifi, ka yafe min."

Ya dube ni ya ce, "Ban tuna ba. In na ce na yafe abin da ban sani ba, na yi ƙarya. Faɗa min abin da kika yi."

Na faɗa masa duka, tun daga ƙwanƙwasa ƙofa har maganar da na yaɓa masa, ban rage kalma ba. Ya saurara kamar labarin wasu ake ba shi. Da na gama ya ce, "Wannan mutumin ya matsa miki da yawa."

Na ce, "Gaskiya ya faɗa, Kawu."

"To ke me ya hana ki faɗa?"

"Tsoro."

Ya gyaɗa kai. "Wannan dalili ne. Ba hujja ba ce, amma dalili ne. Na yafe." Kafin azahar ya manta mun yi maganar. Ni kuwa ina tare da ita.

A watannin ƙarshe lissafin raka'a ya ƙwace masa. Maigidana ya ce ai an ɗauke masa alƙalami, Allah ba zai tambaye shi ba, mu bar shi ya yi yadda ya samu. Amma shi Kawu abin yana damunsa, yakan sallame ya zauna yana waige-waige. Don haka in ina gida nakan zauna a gefen kujerarsa ina ƙirgawa, in ya idar ya juyo ya tambaye ni.

Ranar Lahadin da ta gabaci rasuwarsa, a sallar la'asar, ya yi raka'a uku ya sallame. Jikinsa ya yi rauni ƙwarai, numfashinsa yana fita da ƙyar, kowace sunkuyawa sai ya huta. Ya juyo ya ce, "Ummi, ta cika?"

Na dube shi. Kalma biyu ce kawai zan faɗa ya kwanta ya huta, ba wanda zai sani, shi ma ba zai sani ba.

Na ce, "Saura ɗaya, Kawu."

Ya ce, "Madalla. A kawo ta, sannan a yi ba'adi."

Ya ɗaga hannu ya yi kabbara, ya kawo raka'ar a hankali, ya sallame, ya yi sujjada biyu na gyara, ya sake sallamewa. Sannan ya jingina, ya ce in ba shi ruwa. Daga ranar bai sake iya tashi zaune ba.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo. Ka yafe masa abin da ya sani da abin da ya manta, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da iyayensa da matarsa cikin rahamarKa. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya sa shi a addu'a, ya sa ni ni ma.